Tsaunin Shere Ba Ya Duba Kwalliya, Ƙafa Yake Dubawa

 

A wannan fitowar na ɗan jingine labarin soyayya a gefe saboda wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da aka ce za a kai 'yan mata yawon buɗe ido, walau makaranta ce ta shirya ko kuwa a gida ne, za ki ga an tashi haiƙan ana shiri, a kai ɗinki wajen tela, a je kitso, a zauna a sha lalle ja da baƙi, a nemo mayafin da zai shiga da atamfa. Takalmi kuwa sai daren tafiya ake tunawa da shi, a jawo wanda ya fi fita a hoto a jefa cikin jaka. To idan gidan namun daji za a je ko gidan tarihi, babu laifi. Amma in dai dutse za a hau, wallahi takalmin nan shi ne alƙali, ko dai ki ga abin da aka je gani, ko kuma a bar ki a gindin bishiya kina gadin jakunkunan mutane. Na gani da idona a tsaunukan Shere da ke Jos.

Mu 12 ne muka yi tafiyar, yawancinmu 'yan aji ɗaya ne a sakandare, sai wata malamarmu da maigidanta, sai kuma yayata wadda ta yi bautar ƙasa a Jihar Filato, ita ce ma silar tafiyar. Kafin a sami izinin iyaye an sha fama, domin kuwa da an ambaci Jos sai gabansu ya faɗi saboda rikice-rikicen da garin ya gani tun daga 2001, kuma ni ban ga laifinsu ba. Sai da Malama ta bi gida-gida tana ba da baki sannan aka amince. Kun dai san yadda abin yake, irin wannan dama ba kasafai take zo wa 'ya mace sau biyu ba, yau kina gaban iyaye gobe kina ɗakin miji da goyo. Shi ya sa asararta saboda takalmi take da ciwo.

Saura mako biyu mu tashi Yaya ta tasa ni a gaba sai Kasuwar Ƙofar Wambai, layin 'yan gwanjo. Wata ƙawata ta biyo mu tana ta tsiya, wai za mu sayo takalmin 'yan ƙwallo, ita kam ba za ta sa abin da zai ɓata mata tsarin kwalliya ba. Mai kayan na ganinmu ya fara washe baki yana cewa, "Hajiya wanne za a ɗauko? Ga na 'yan gayu nan fari sol, jiya aka kwance dilar." Yaya ta ce, "Malam ni ba samansa na zo gani ba, juyo mini ƙasansa." Haka ta dinga kifa takalma ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen kifi, har mutumin ya gaji ya ja kujera ya zauna yana kallon ikon Allah.

A nan na fahimci cewa duk kambas muke ce musu, alhali kuwa kowanne da aikinsa. Akwai na kwalliya, wanda ƙasansa shafal yake kamar faranti. Akwai na gudu a kan kwalta, mai laushi da rashin nauyi, amma zanen ƙasansa ƙanana ne. Sai kuma wanda muka je nema, wato wanda aka ƙera domin masu tsere a hanyoyin daji da tsaunuka. Shi wannan idan kika kifa shi za ki ga haƙoran roba sun fito ɓaro-ɓaro kamar tayar tarakta, tsawonsu kamar milimita 4 zuwa 5, gabansa kuma an ɗora masa roba mai tauri saboda tuntuɓe, wasu har da wani siririn faranti a ɓoye a ciki don kada tsinin dutse ya soki tafin ƙafa. Na tambayi Yaya me ya hana mu ɗauki but na fata irin na sojoji, tunda shi aka sani da shiga daji? Ta ce in ɗaga shi in ji. Ai kuwa da nauyi! Irin waɗannan sukan haura kilo 1, shi kuwa na gudun daji ƙafa biyun duka bai fi rabin kilo da ɗoriya ba, kuma duk takun da kika yi sai kin ɗaga nauyin nan, tun safe har yamma. But yana da ranarsa, idan kaya masu nauyi ƙwarai za a goya na kwana da kwanaki, ko ƙasar ƙanƙara za a shiga. Mu da za mu ɗauki ruwa da abinci da sallaya kawai, wahala ce za mu saya da kuɗinmu.

Su haƙoran nan ma suna da tarihi mai ban tausayi. A shekarar 1935 wani mahayin tsaunuka ɗan ƙasar Italiya mai suna Vitale Bramani ya rasa abokan tafiyarsa 6 a kan dutse, aka kuma ɗora wani ɓangare na laifin a kan takalman da suka sa. Abin ya tsaya masa a rai, bai huta ba sai da ya fito da ƙasan takalmi na roba mai haƙora a 1937. Daga sunansa aka sami Vibram, wannan 'yar alama ruwan ɗorawa da za ki gani a ƙasan wasu takalman.

Sai maganar soso, wadda ita ce ta fi ruɗa masu saye. Soso shi ne wannan abu mai laushi da ke tsakanin tafin ƙafarki da robar ƙasa, aikinsa shanye dukan da ƙasa take yi wa ƙafa. A 2009 wasu mutum biyu a Faransa suka kafa kamfanin Hoka, suka fito da takalmi mai soso tuli guda domin masu gudu a gangaren dutse. Yanzu kusan kowane kamfani yana yin irinsa, za ki ga kaurin wani ya haura santimita 3, kina sawa ki ji kamar kin taka katifa. Daɗi kam akwai shi, ba ƙarya. Sai dai ki sani, gwargwadon kaurin soso gwargwadon nisanki da ƙasa, ƙafa ba ta jin abin da ta taka sosai, idan kuma ta goce to daga sama ta goce. Ga jaka a baya tana rinjayar mutum. Yaya ta zaɓar mini matsakaici, ita kuma ta ɗauki mai kauri saboda tana fama da ciwon dunduniya, ta kuma saba da hawa.

Tunda yawancinmu gwanjo ne daidai aljihunmu, to ku buɗe kunne. Soso yana mutuwa tun saman takalmi yana sheƙi. Masu harkar gudu sukan canja takalmi bayan tafiyar kilomita 500 zuwa 800, kin ga ke nan da yawa daga waɗanda ke zuwa mana a dila sun riga sun gama aikinsu a can. Ki duba gefen soson, idan ya yi tamoji kamar fuskar tsohuwa to ya gaji. Ki ajiye takalmin a kan benci ki leƙa ta baya, idan ya karkace gefe ɗaya to tafiyar wata ce ta zauna a cikinsa, kuma ita zai koya wa ƙafarki. Ki murɗa shi kamar za ki matse wanki, in ya murɗu babu gardama ajiye shi. Sabo dal mai babban suna da araha kamar kyauta kuwa, sai a yi hattara, jabu ya yi yawa, robarsa tauri gare ta kamar ta bokiti, ba ta kama dutse.

Wajen gwaji kuwa Yaya ba ta da sauƙi ko kaɗan. Da gangan ta sa muka je bayan la'asar, saboda ƙafa takan ɗan kumbura idan an wuni ana tafiya, ta kuma sa na tafi da safar da zan yi tafiyar da ita. Da na zura ta durƙusa ta danna gaban, ta ce sai an sami fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsana mafi tsawo da bakin takalmin, dunduniya kuma ta zauna daram ba ta fita. Na ƙare da lamba ɗaya sama da wadda na saba sawa. Wani abin kuma, mu da muka tashi cikin silifas ƙafarmu faɗi gare ta, yatsu a baje, takalman matan Turawa kuwa sau da yawa tsukakku ne. Idan ya matse ki ta gefe ki gwada na maza ƙaramar lamba, ya fi faɗi, kuma babu wanda zai gane a kan dutse. Kada ki yarda da zancen "zai buɗe Hajiya." Akwai wani iri mai suna Altra da aka san shi da faɗin gaba, sai dai shi dunduniyarsa da gabansa tsayinsu ɗaya, wadda ba ta saba ba sha-raɓarta da agararta za su gaya mata, sai an bi shi a hankali.

Mako biyun nan kullum da yamma sai na sa shi na zaga unguwa, yara suna bi na da kallo, har sau biyu muka je muka hau Dala muka sauko don a ji inda yake cizo tun muna gida.

Ranar tafiya muka yi sammako bayan sallar asuba, muka bi ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore kowa bakinsa ɗauke da addu'a, sai Saminaka, sai Jengre. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama, mota tana nishi tana hawa, iska mai sanyi tana shigowa ta taga har sai da muka jawo rigunan sanyi. Garin Jos yana bisa tudu ne da ya kai wajen mita 1,200 daga doron teku, shi ya sa sanyinsa daban yake, shi ya sa kuma dankalin Turawa da kabeji da karas suke yin kyau a ƙasar. Kuza ce ta tara mutane a garin tun farkon zuwan Turawa, har yau za ki ga tafkunan da haƙar ta bari.

Tsaunukan Shere suna gabas da gari, tafiyar kamar kilomita 10. Ƙololuwarsu ta kai wajen mita 1,829, duk da cewa Chappal Waddi na Jihar Taraba mai mita 2,419 shi ne ya fi kowane tsauni tsawo a Nijeriya. A yankin ne cibiyar nan ta horar da matasa take, wadda aka fi sani da Man O' War, da ta samo asali tun 1951 a gaɓar teku kusa da garin Victoria, wato Limbe ta ƙasar Kamaru a yau. Mu dai wani saurayi ɗan ƙabilar Afizere muka samu ya yi mana jagora, mai fara'a da haƙuri, Hausarsa irin ta Jos mai daɗin saurare.

'Yan uwa, Allah Ya yi halitta a wurin nan! Ƙarshen damina ne, ciyawa ta yi kore shar har iya ganinki, raɓa tana ƙyalli a kanta kamar an watsa duwatsun sarƙa. Ga manya-manyan duwatsu wani a kan wani kamar da hannu aka jera su, ki rantse iska kaɗan za ta ture su, amma sun shekara dubbai a haka. Ga gidaje da gonakin acca an kewaye su da shingen ƙyarana, hazo kuma ya sauko ya lulluɓe kawunan tsaunukan tamkar amarya a cikin mayafi. Muka yi bisimilla muka kama hanya muna ta raha.

Rahar ba ta yi nisa ba. Da farko hanyar jar ƙasa ce mai tsakuwa, nan masu shafaffen kambas suka fara tangaɗi, domin tsakuwa a ƙarƙashin takalmi marar haƙora kamar gero ne a kan siminti. Da muka shiga ciyawa raɓa ta jiƙa kowa, sai dai namu mai raga-raga ne, kafin hantsi ya bushe. Dama Yaya ta hana ni sayen wanda aka ce ruwa ba ya shigarsa, irin mai Gore-Tex, ta ce a ƙasar zafi gumi yake tarawa, in kuma ruwa ya zuba ta sama to ya sami wurin zama. Jiƙaƙƙiyar ƙafa kuwa ita ce uwar bororo, musamman a cikin safar auduga mai riƙe ruwa. Safa ta roba-roba irin ta 'yan wasa ko ta ulu marar kauri ta fi.

Sai muka iso wani falalen dutse mai santsi, a kwance yake amma a karkace, dole ta kansa za a bi. Jagoranmu ya tsaya ya ce, "Anti, ku taka da tafin ƙafa duka, kar ku taka da yatsu, kuma kar ku kwanta a jikin dutsen, ku miƙe tsaye." Na taka ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, sai na ji robar ta kama dutsen cak kamar ƙafar tsaka a bango. Ƙawar nan tawa mai tsiya kuwa wani sau-ciki ta sa mai ɗan tudu, ruwan gwal, wanda ya shiga da mayafinta ƙwarai da gaske. Taku uku ta yi ƙafa ta zame, ta gurɗe a idon sawu, Allah Ya taimaka maigidan Malama yana kusa ya tare jakarta ta baya. Nan da nan wurin ya haye. Allah Sarki, ta zauna tana hawaye, ba don zafin targaɗen kaɗai ba, ita ce fa wadda mahaifinta ya fi kowa wuyar shawo kai. Wata kuma tuni dunduniyarta ta yi bororo ya fashe, ta ukun igiyar sandal ɗinta ta tsinke. Haka muka bar su su 3 tare da Malama a inuwar wata bishiya, da jakunkuna a gabansu.

Mun ɗauki kusan awa 2 daga nan kafin mu kai inda jagora ya ce ya ishe mu. Wani wurin da hannu da ƙafa ake hawa, wani wurin sai an ratsa tsakanin duwatsu biyu a kaikaice. Af, na manta ban faɗa muku ba, dogon wando muka sa a ƙarƙashin riga mai faɗi, da hijabi iya gwiwa, domin mai jan ƙasa taka shi za ki yi ya kayar da ke. Sutura ta cika, tafiya kuma ba ta gagara ba.

Da muka kai sama sai kowa ya yi tsit. Ga Jos can ƙasa ta baje kamar an shanya wanki, rufin kwano yana walƙiya, madatsun ruwa sun zama kamar 'yan madubai, shaho yana shawagi a ƙasa da mu, mu ne a samansa. Iska tana kaɗa hijabanmu tana shiga har ƙashi. Ni dai ban san lokacin da na ce Subhanallahi ba, na ji ƙwalla ta cika mini ido, rabi don girman Ubangiji, rabi don tunanin waɗanda muka baro a gindin bishiya.

Muna zaune muna cin 'yar dambun nama sai ga wata Bafulatana ta ɓullo ta wata 'yar hanya, ƙwarya a ka, goyo a baya, takalmin roba a ƙafa wanda duk kuɗinsa bai kai na safata ba, tana tsallaka duwatsu kamar a tsakar ɗakinta. Muka gaisa, ta dube mu ta yi murmushi ta wuce. Ɗaya daga cikinmu ta ce, "To Yaya ina amfanin wahalar da kika ba mu a kasuwa?" Yaya ta yi dariya ta ce ai ba ita kaɗai ba ce, a Amurka ma an yi wata tsohuwa Emma Gatewood, mai 'ya'ya 11, wadda a 1955 tana da shekara 67 ta bi hanyar tsaunukan Appalachian ita kaɗai tun daga Jojiya har Maine, fiye da kilomita 3,000 cikin kwana 146, da kambas na yadi samfurin Keds da ɗan buhu a kafaɗa, ta kuma sake komawa a 1957. Amma ita a aikin gona ta tashi, kamar yadda wannan baiwar Allah ta tashi a kan duwatsun nan, ƙafarsu ta riga ta zama takalmi. Mu da daga ɗaki sai adaidaita sahu, ƙafa ta sha mai da dilka, ina za mu haɗa kanmu da su? Masu bin waccan hanyar ma a yau mafi yawansu irin takalmin da ke ƙafarmu suke sawa.

Saukowa ta fi hawa wuya, wannan kowa ya shaida. Kafin mu fara Yaya ta sa kowa ta kwance igiya ta sake ɗaurewa tamau ta wajen wuyan ƙafa, har da wannan ramin na ƙarshe da ba mu taɓa sanin amfaninsa ba, don kada ƙafa ta dinga zamewa gaba. A gangare ne filin nan na babban yatsa ya yi rana, domin duk taku yatsu gaba suke tafiya, wadda takalminta ya yi mata cif-cif kuwa farcenta ne yake dukan bango, wata a cikinmu sai da babban farcenta ya yi baƙi daga baya ya fita. A yanke farce tun a gida. A nan kuma na ga ranar soso mai kauri, domin Yaya ta sauko tana waƙe-waƙenta gwiwa ba ta dame ta ba, sai dai sau biyu na ga takalmin ya so ya juya da ita a kan duwatsu masu motsi, ba don sabo ba da an sami targaɗe na biyu. Ra'ayina dai, wadda za ta fara ta nemi matsakaici mai haƙora masu kyau, mai kaurin ta bar wa doguwar hanya marar gargada, ko sai ƙafarta ta waye.

Mun iske su Malama sun shimfiɗa sallaya sun yi azahar, jagora ya sara wa ƙawata sanda, muka riƙo ta a hankali har bakin mota. Hotunan da muka ɗauko ta karɓa tana dubawa ɗaya bayan ɗaya ba ta ce uffan ba, can sai ta ɗago ta ce, "Yaya, in mun koma gida ranar Asabar kina da lokaci? Ki raka ni Wambai."

Da kin dawo daga irin wannan tafiya ki zare shimfiɗar cikin takalmin, ki wanke shi da ruwan sanyi da tsohon buroshi, ki cusa masa takarda ki ajiye a inuwa. Kada ki kai shi bakin murhu ko ki bar shi a kan kwano cikin rana, zafi yana sakin gam yana kuma ƙanƙantar da soso.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu, inda za mu ɗora daga inda muka tsaya a labarinmu. Taku har kullum, na bar ku lafiya.